Muryar da ke Zuwa ta Bayan Kafaɗata

Bana shekara bakwai ke nan da rasuwar ɗana na fari, wanda mutanen Yelwa ke kira Mai Kyamara. Sunansa na yanka bai taɓa fita daga bakina ba, kuma ba yau zan fara ba. Haka muka tarar, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta zuba masa ido a gaban mutane. Ni ban shiga makaranta ba. Matarsa Balkisu ce ke rubuta wannan, ina faɗa tana ɗauka, kuma na ce ta karanta mini in ta gama, kada ta yi mini ƙari.

Sana'arsa ɗaukar bidiyon biki da suna ce, amma abin da ya fi damunsa sauti ne. Ya kan ce hoto na gaban mutum kawai, sauti kuwa ta ko'ina yake zuwa. A shagonsa ya kafa lasifika shida: uku a gaba, biyu a bayan mai zama, da wata ƙatuwa a ƙasa mai gurnani. Ni a lokacin gani nake ɓarnar wutar lantarki ce kawai.

Wata shekara, bayan ruwa ya kwanta, ya matsa sai ya kai ni tafki a jirgi, daidai inda tsibirinmu yake kafin ruwan Kainji ya haɗiye shi. Ina yarinya aka kwashe mu daga can aka zuba mu a sababbin gidaje. Mutanen su ne, tukwanen su ne, amma garin bai sake yin ƙara irin ta da ba. A tsibiri, in mace tana daka a gabas, amon turminta zai bi ruwa ya zagayo maka ta yamma. A sabon gari ƙara takan bugi bango ta tsaya. Na taɓa faɗa masa wannan sau ɗaya yana ƙarami, ashe ya riƙe.

Ranar na zauna a gaban jirgi, shi yana baya da kyamara da wani abin ɗaukar sauti mai gashi kamar ɓera. Duk bidiyon bayana ake gani, da mayafina, da ruwa. Shi bai fito ba ko sau ɗaya. Da muka iso wurin, matuƙi ya rage inji, sai ɗana ya ce, “Inna, ki juyo mana in ga fuskarki.” Ban juya ba. Matuƙi na nan, da wasu mata biyu 'yan Wara da muka rage wa hanya. Na ce, “Yi abin da ya kawo ka.” Ya yi dariya. Damina biyu bayan haka ciwon ciki ya ɗauke shi.

Bayan rasuwarsa Balkisu ta kwaso lasifikan ta kafa su a ɗakinta yadda ya kafa su a shago. Ran da ta fara kunna mini bidiyon, na zauna a tsakiya kamar yadda ta ce. Ruwa ya fara lasar jirgi ta dama da hagu. Wani tsuntsu ya taso ta gabana ya wuce ta saman kaina ya ɓace a baya. Ɗakin ya yi faɗi har na daina ganin bango. Sai muryar ta zo ta bayan kafaɗata ta hagu, kusa, har da numfashinsa. Tun daga nan, duk shekara in watan rasuwarsa ya kama, nakan je in zauna a wannan kujera.

Bara abin ya so ya kuɓuce mana. Faifan da bidiyon ke ciki ya fara ƙara kamar ƙwaro a cikin hatsi, sabuwar talabijin ɗin Balkisu kuma ta ƙi buɗe shi. Ta ce wai bidiyo ma yana da mazubi, hoto da sauti suna zaune a ciki kamar tuwo da miya a kwano. Nasa a MKV yake, talabijin kuma MP4 take so. Ƙaninsa Sani ya karɓa ya kai wa wani mai tura waƙoƙi a waya a bakin kasuwa, ya dawo yana murna.

“Inna, an gyara! Har a waya yana buɗewa. Tsohon faifan ma a yar da shi.”

Aka kunna. Hoton ya fito tas, har ya fi da. Amma ruwan duk ya taru a gabana, tsuntsun ya yi kuka a gaba ya mutu a gaba. Da aka zo wurin maganar, sai wani gunaguni can ƙarƙashin ƙarar inji.

Na ce, “Ina yayanka?”

“Ga shi nan kina ji, Inna. Sauti ai sauti ne.”

“Kai, rufe mini baki. Wanga ba shi ba ne. Shi a baya yake.”

Balkisu ta duba ta ce mai shagon ya matse hanyoyin sauti shida ya mayar da su biyu, wai haka na'urarsa ke yi in ba a hana ta ba. Abin da ke baya an tura shi gaba an danne, kuma in an matse ba ya sake warewa. Da Sani ya yar da tsohon faifan, shi ke nan. Na sa aka kawo mini shi na ɗaure a bakin zanena, na ce ba mai taɓa shi sai an san abin da ake yi.

Balkisu ce ta zauna ta bi abin a hankali, da abin da ta koya a wurin mijinta da abin da ta tambayo. Ta ce ba a sake dafa sautin, kwashe shi ake yi yadda yake a zuba a sabon mazubi, bayan an tabbatar mazubin yana karɓar irinsa. Ta yi hakan, ta duba ta ga shida sun shiga shida sun fito. Na ce ban yarda da abin da allo ya faɗa ba, a kunna. Muka bi lasifikan ɗaya bayan ɗaya ina kara kunne. Sannan ta ajiye shi wuri biyu, da na asalin a gefe.

Nakan yi tunanin abin da zai ce da zamanin nan, da kowa ke sauraron duniya ta ɗan ramin waya. Ana tura bidiyon biki daga hannu zuwa hannu, kowace turawa tana ɗan cinye shi, har kiɗan ya koma kamar ana kaɗa gwangwani, kuma ba wanda ya damu tunda ana ganin amarya. Ina jin ba zai yi faɗa ba, ni ce mai faɗa. Zai yi dariyar nan tasa ya ce a zo a zauna a tsakiya a ji.

Bai bar gida ba, bai bar gona ba. 'Ya'ya biyu ya bari, da mace mai riƙon amana, da wani yanki na tafki da ya ɗebo da dukkan kewayensa. Allah Ya jiƙansa, Ya haskaka kabarinsa, Ya sa ya huta.

Shekaranjiya na je na zauna a kujerar. Balkisu ta kunna ta fita ta ja ƙofa, ba matuƙi, ba matan Wara. Ruwa ya kewaye ni, tsuntsun ya wuce, inji ya yi ƙasa. Ya ce, “Inna, ki juyo mana in ga fuskarki.”

Na juya.