Ƙanzo a Tayar Hagu

Tun kafin maigidana ya shigo gari nake sanin ya dawo. Akori-kura yake ja, ta wani ɗan kasuwa, yana bi ƙauye-ƙauye yana kwaso hatsi zuwa kasuwar Dawanau. Gabas da gidanmu akwai gangare mai sauka cikin rafi, ba gada, sai laka da duwatsu, kuma duk mai zuwa garinmu sai ya taka birki a nan. Daga tsakar gida nakan ji ya taka, in ji ya saki, in tashi in ɗora ruwa.

A kakar da 'yarmu take wata takwas, ran wata Asabar da la'asar, na ji motar ta zo gangaren da wata murya da ban san ta da ita ba. Ba irin tsuwar ɓeran nan ba ce da takan yi in ta sha ƙura. Wannan ƙasa-ƙasa take, kamar ana kankare ƙanzo a gindin tukunya da cokalin ƙarfe. Ina tankaɗe a lokacin. Na ajiye rariyar na tsaya, har kaji suka fara ci mini gari ban kula ba.

Da ya ci abinci na ce, "Maigida, motar nan kuwa lafiyarta ƙalau?"

Ya ce, "Me kika gani?"

"Ban gani ba, ji na yi."

Ya yi dariya. "Yashi ne. Kin manta bara? Tsakuwa ɗaya ta maƙale, kika hana kanki barci kwana uku."

Gaskiya ne, an yi haka. Amma kukan tsakuwa ba ya tsayawa, ko ana gudu ko ana tafiya sannu yana nan. Wannan kuwa sai an taka yake fitowa. Na buɗe baki zan ce kada birkin ya ƙi kamawa wata rana, sai Inna, mahaifiyarsa, da take ɓarar gyaɗa a gefe, ta ɗago kai.

"A'a. Mutum yana kan hanya kullum, ba a yi masa irin wannan bakin. Ki ce Allah ya tsare."

Na ce Allah ya tsare. Na haɗiye sauran.

Abin da ya hana ni sakat shi ne Alhamis. Ranar zai yi lodin wake, buhu kan buhu, masu waken kuma su hau sama su zauna, su biyo gangaren nan. In na faɗa, na yi mugun baki. In na yi shiru, to shirun nawa ne. Ranar Lahadi na zuba wa miya gishiri sau biyu. Ina shanya, ina kasa kunne. Ina ba yarinya nono, ina kasa kunne, alhali na san motar tana can wajen Makoda.

Ranar Litinin ya rage mana hanya zuwa asibiti, za a yi wa yarinyar rigakafi. Na zauna a gaba, ita tana cinyata. A nan na ga abin da ban iya gani daga gida. Duk sa'ad da ya taka birki sitiyarin yakan yi rawa a hannunsa, ƙafarsa ma tana karkarwa kamar mai ɗinki a keke. Motar kuma sai ta riƙa neman gefe, yana dawo da ita. Ƙarar daga hagu take fitowa, ta gaba. Na dube shi. Ya ƙara muryar rediyo.

Ina da kawu, yayan mahaifiyata, bakanike ne a bakin titi, gaba kaɗan da asibitin. Ina cikin layin mata ina jijjiga yarinya na tuna da shi. Da muka fito na ce, "Rabona da Kawu tun suna. Ga mu a kusa, in ya ji na wuce ban gaishe shi ba zai kai ƙarata gida."

Ya kalle ni ta gefen ido. Ya gane, na san ya gane. Amma ba a hana mace gaida kawunta.

Kawu yana ƙarƙashin wata darbejiya yana wanke hannu da fetur. Maigidana ya tuɓe takalmi ya durƙusa can nesa, kansa a ƙasa, kamar yadda ake yi wa suruki. Aka gaisa, aka tambayi Inna, Kawu ya karɓi yarinyar ya ce ta fi uwarta kyau nesa ba kusa ba. Sannan ya ce, "Direba, yaya ƙarfen naka?"

"Lafiya lau, Baba."

Ni dai na sunkuyar da kai na ce, "Sai dai ƙanzo da take kankara."

"Ƙanzo?"

Na kwaikwaya masa da maƙogwarona. Ya yi dariya har da tari. "To, malama mai tuwo, yaushe take kankarar? Kullum?"

"Sai an taka."

"Gaba ko baya?"

"Gaba, hagu. Kuma sitiyarin yana rawa."

Dariyar ta tsaya. Ya miƙo mini yarinyar ya ce wa maigidana, "Ɗauko jak." Da wani ne ya faɗa da sai an yi gardama. Amma wa zai musa wa kawun matarsa? Ya tashi ya ɗauko, da hannunsa ya kwance notunan.

Bayan tayar akwai wani ƙarfe zagayayye, Kawu ya ce faifan birki ke nan. Abin da yake matse shi in an taka, wanda suke kira fad, ya cinye tas, saura ƙarfe tsirara yana gugar ƙarfe. Kawu ya kama yatsana ya bi da shi a kan faifan. Duk ya yi layi-layi masu zurfi.

Ya ce, "Kin ji? An yi masa huɗa. Kunya-kunya, sai dai a zuba iri." Ya juya wajen maigidana. "Ga kunya a ƙarfe, ga wata a fuskarka. Wacce za mu fara sharewa?"

Na ga wuyan maigidana ya yi gumi. Ya koma gefe ya kira mai motar a waya, aka ce a gyara.

Kawu ya fito da faifai iri biyu daga shagonsa. Ɗaya yana ƙyalli, an huda shi ƙananan ramuka a jere. Ɗayan ba ado, sumul, mai nauyi. Hannun maigidana ya tafi kan mai ramukan, ya ce ya ji direbobi suna cewa ba ya ɗaukar zafi.

Kawu ya ce, "A kwalta ba. Kai ina kake bi?" Ya dube ni. "Ke, in kika tsoma rariya a kunu, me zai faru?"

"Toshewa za ta yi."

"In ta bushe fa?"

"Sai an sa tsinke."

"To wa zai bi ka rafi da tsinke? Laka ta shiga ramin nan da yashi, ta bushe, ta zama dutsen niƙa, wata guda ta cinye maka sabon fad. Ɗauki marar kwalliyar. Kuma biyu za ka sa, hagu da dama. Ba a yi wa mutum aski ɓangare ɗaya."

Muka yini a nan. Yarinyar ta yi zazzaɓin allura tana ta ƙananan kuka, ni ina zagaya darbejiyar da ita, ina jin kamar ni na jawo wa kowa wahala. In na dubi tsohon faifan da aka jefar a ƙasa sai hankalina ya ɗan kwanta, in na dubi fuskar maigidana sai ya sake tashi.

A hanyar gida bai ce mini uffan ba. Talata ma haka, Laraba ma haka, sai "miƙo ruwa" da "rufe ƙofa". Na kai shi gaban surukinsa an yi masa dariya, wannan ban da abin cewa a kai. Inna ta tambaye ni me ya haɗa mu, na ce babu.

Ranar Alhamis da hantsi suka gama lodi. Na leƙa ta zaure, na ga mutane a saman buhuna, har da wani tsoho rungume da zakara. An yi yayyafi da asuba, ƙasa a jiƙe take. Na koma ciki na tsaya a jikin katangar gabas da goyo a bayana. Na ji injin ya sassauta a kan gangaren. Na ji ruwan rafin ya fashe a ƙarƙashin tayoyi, sannan injin ya sake ɗagawa, yana hawa tudun can ƙetare. Sai a lokacin na lura na daɗe ina matse ƙafar yarinyar.

Ya dawo kafin magariba. Ba ni ya ba labari ba, Inna ya ba, ina daga madafa ina ji. Wai a kwanar da ake hawa titi shanu suka faɗo masa, ya taka, motar ta tsaya inda ya ce ta tsaya. Inna ta ce addu'ar da take yi masa ce. Ya ce haka ne. Sannan ya ɗaga murya yadda zan ji, ya ce Kawu ya ce a dawo a duba birkin baya in an gama kwasar wake, in ina da saƙo wajensa in shirya.