Ummaru Ya Kai Illela

Shekara talatin da ɗaya ke nan da rasuwar taubashina Ummaru, ɗan ƙanwar mahaifina, direba kuma makanike a Ƙofar Taramniya. Allah ya jiƙansa. Kowace shekara nakan yi masa sadaka in yi shiru. Bana na ga shirun ya isa, domin tsufa ya kama ni, kuma akwai maganar da in na tafi da ita ba mai faɗa.

Abin da ya tayar mini da ita shi ne wahalar man da ake ciki. Ɗana yana da akori-kura, yana kwasar hatsi. Kwanan baya ya shigo da murna, wai ya sayo wata ƙwaya da ake jefawa a tanki, da wani maganaɗisu da ake ɗaurawa a bututun mai, mota ta rage sha. Na juya kayan a hannuna, na ce masa an cuce shi. Ni dama haka nake, ko ruwa aka ba ni sai na leƙa ƙasan kofi. Ya ce, “Baba, ai ba ka gwada ba.” Sai na miƙa masa kayansa, don an taɓa faɗa mini kusan haka.

Shekaru kaɗan kafin ’yancin kai mahaifina ya sayi akori-kura, ta farko a layinmu. Fatar jar akuya yake saye, kuma mai kyau a kasuwar Illela take, can bakin iyaka. Ya damƙa wa Ummaru tuƙi, ni kuma ya ba ni duba mai. Agogon mai da na mil duk sun mutu tun daminar farko, saboda haka da sanda muke awo. Sandar geza ce, mahaifina ya yi mata tsaga da wuƙa. A cika tanki ranar tafiya, in mota ta dawo in tsoma sanda. Zuwa Illela da dawowa, mai yakan sauka daidai tsaga ta ƙasa.

Mahaifina tsohon falke ne, da jakuna da raƙuma ya yi ƙuruciyarsa, kuma da idon falke yake kallon mota. A wurinsa dabbar da ta yi nisa da yunwa take dawowa. Wadda ta shigo gida da ciki a cike, to, ba ta je ko’ina ba, a tsare mai korarta a tambaye shi. Ni ma da wannan karatun na tashi, ban taɓa tunanin ƙarfe zai saɓa masa ba.

Ummaru kuwa mutum ne da ba ya iya ganin abu a rufe ya ƙyale. In ya sauke kaya sai ka gan shi rabin jikinsa cikin inji. Yakan wanke matatar iska duk tafiya, saboda yashin hanya. Yakan ciro filogi ya duba launinsa, ya kankare, ya daidaita bakinsa. A kan tsakuwa ya cika tayu da iska, in ya shiga rairayi ya rage. Ƙafarsa ba ta da nauyi a totur. Babban aikin da ya yi kuwa ban san da shi ba sai daga baya. A cikin kafireto akwai wani ɗan tagulla mai huda, ta nan mai ke bi ya shiga inji. Ya kai wa wani maƙerin farfaru kusa da Hubbare suka yi sabo mai ƙaramar huda, sai da suka ɓata uku kafin na huɗu ya zauna.

Wata Litinin na tsoma sanda, na ga mai ya tsaya sama da tsaga da kusan faɗin tafin hannu. Na goge na sake, haka. Mako ya zagayo, haka. Wani zai yi murna. Ni kuwa sai na fara lissafin hanya a kaina, na ce wannan man bai wuce na Gwadabawa da dawowa ba. Ke nan a rabin hanya yake juyawa, ya sayi fatar da ta samu, ya kawo a matsayin ta Illela. Daga ranar duk fatar da na ɗaga sai in ga mata aibi, alhali ita ce dai irin wadda muka saba. Na kai wa mahaifina magana.

A zaure aka tsare shi, bayan la’asar, gaban dillalai uku.

Mahaifina ya ce, “Ummaru, ina kaka kai motag ga?”

Ya ce, “Illela, Kawu. Gyara ta niy yi, shi yas sa ta rage sha.”

“Bature yaƙ ƙera abu, kai ka hi shi sani?”

“Bature bai san yashinmu ba, Kawu. A haɗa ni da Abdu mu tahi tare, shi gani da idonai.”

Abdu ni ne. Duk suka juyo suna kallona. Da na amsa, da tafiya ɗaya ta kashe maganar. Sai na ce ba amfani, ina salla a kasuwa zai sa a ƙara mata mai. Kun ji fa. Ko kuɗin da zai ƙara man daga ina, ban tambayi kaina ba. Sannan na yi dariya na ce, “Ummaru Rabin-Hanya ke nan.” Tsakanin taubasai wasa halal ne, ba mai ikon yin fushi, shi ya sa kowa ya yi dariya hankali kwance. Ummaru ya ajiye makulli a kan tabarma, ya durƙusa ya yi wa kawunsa sallama, ya fita.

Kafin a ba sabon direba, mahaifina ya ce a kai motar garejin masu sayar da ita, a mayar da duk abin da aka taɓa. Ni na je karɓowa. Babban makaniken, wani dattijo mutumin kudu, ya ɗora mini ɗan tagullan nan a tafin hannu, ya tambayi wanda ya yi shi. Ya ce ya sa na asali kamar yadda aka umarta, amma mai wannan aikin ya san mota, kuma da shi dole ta rage sha. Na jefa a aljihu. Mako na gaba sanda ta koma tsagarta, mahaifina ya ce, “Ka gani? Yanzu tana kaiwa.” Na ce na gani. Kunyar dillalan nan uku ta hana ni buɗe baki, har ya koma ga Allah yana ganin ɗan ƙanwarsa ya ci amanarsa.

Ummaru ya koma gyara a gindin wata bishiyar bedi kusa da tasha. Direbobi suna kai masa mota, amma babu attajirin da ya sake ba shi makulli da dukiya. Lokacin da aka yi ta shagalin ’yanci, ana cewa yanzu za mu riƙe abinmu da kanmu, na ga mahaifina yana tafi, ni ma ina tafi, ba wanda ya tuna abin da muka ce a zaure. Da ciwon ajali ya kwantar da Ummaru na je dubiya, na fara kame-kame. Ya ɗaga hannu ya ce, “Bari, taubashi. Ni na san inda nij je.” Na kuwa bari, don barin ya fi mini sauƙi.

Da yana nan yau, ina jin layin gidan mai ba zai ba shi mamaki ba kamar yadda ake tuƙi. Tayu ba iska, matata a toshe, a take totur har ƙasa, sannan a zo ana neman ƙwayar da za ta yi abin da aka ƙi yi da hannu. Ina kyautata zaton shi ma ba zai yarda da ƙwayar ɗana ba. Amma shi zai cika tanki ya tafi ya dawo ya auna, sannan ya yi magana. Nan muka bambanta da shi.

Me ya rage nasa? Makanikai da yawa a garin nan daga hannunsa suka fito, ko daga hannun waɗanda ya koyar. Sai kuma sunan. Har gobe in ka tambayi gidansa, gidan Rabin-Hanya za a nuna maka, kuma ’ya’yansa da furfurarsu suna amsawa, sun ɗauka laƙabin wasa ne. Ina roƙon mutanen Ƙofar Taramniya su daina. Ni na ƙaga sunan, kuma kwana bakwai da ƙaga shi na san ƙarya ne. Duk ranar da aka aiki Ummaru Illela, ya kai Illela.