Hajja Hure, Mai Ɗaurin Lemon Tandabawi

Kafin rana ta leƙo ta kan duwatsun da suka kewaye Tandabawi, unguwarmu a nan Makka, Hajja Hure ta riga ta share bakin lungunmu ta yayyafa ruwa. Rumfar buhu ce da ita a jikin bango, da randa guda, da farantin soyayyar gyaɗa. Takan ɗauki lemon tsami ta murza shi a kan gwiwarta har ya yi laushi, sannan ta yanka ta matse a randar. Masu ga-ruwa ne farkon cinikinta, sai 'yan dako, sai mu 'yan makaranta. Azahar na matsowa take kife kofunanta ta shige gida. Haka na taso na gan ta, haka mahaifiyata ta ce ta zo ta same ta.

Ban taɓa rubuta abin da wasu za su karanta ba, kuma ni ba mai shiga taro ba ce. Yawancin abin da zan faɗa ta taga na gan shi, wanda ban gani ba na tambayi waɗanda suka gani. In na yi tuntuɓe a yi mini uzuri. Bana ne Hajja Hure ta ajiye aikin da aka fi saninta da shi, ban kuwa ji wani ya tsaya ya ce mata sannu a bainar jama'a ba.

Ga masu karantawa a gida, sai na ɗan yi bayani. Idan alhazai suka fita Arfa da Mina, mazanmu ma bin su suke yi, wani jan ruwa, wani kafa tanti, wani ɗaukar tsofaffi. Sai gari ya zama na mata da yara. A kwanakin nan matan Makka suna da wani tsohon wasa da suke kira Ges, su yi shigar maza su zaga unguwa da kiɗa da waƙa. Unguwanni da yawa sun daina. Namu na lungun Hausawa yana nan, kuma bai yi kama da na kowa ba, domin da jirgin ruwa da lemo ake yin sa. Wasan Lemo muke ce masa.

Hajja Hure ce ta kawo shi. Tana budurwa ta baro ƙasar Kano da iyayenta, suka bi ta Chadi da Sudan, su yi aikin gona su ƙara gaba, har suka kai Sawakin a bakin teku. Jirgin da suka hau na iska ne, iskar kuwa ta ɗauke musu a tsakiyar ruwa. Ruwan sha ya fara wari, mutane suka galabaita. Wata tsohuwa 'yar Sudan tana da ɗan kwandon lemon tsami, ita ta riƙa yankawa tana ɗiga wa kowa a moɗa har suka hango Jidda. Hajja Hure ba ta san sunanta ba. Ba ta ma son ba da labarin. In aka matsa mata sai ta ce, "To ai mun iso," ta ci gaba da matsar lemonta.

Kowace shekara kafin hanya ta cunkushe takan hau lori ta tafi Jidda, ta zaɓo lemon da jirage suka sauke, kowane gida da kasonsa. Ranar wasa, bayan la'asar, a kife gadon igiya, a kafa masa gora, a ɗaura zanen gado ya zama filafilai, a cika cikinsa da lemo, ƙarfafan mata su ɗauka a kafaɗa. A gaba akwai Rayyis, wato shugaban jirgi, da babbar riga da rawani da gemun auduga. Akwai askari, wato soja, da taɓarya a matsayin bindiga. Akwai likitan tashar jirgi da ke tare mutane yana duba musu harshe. A baya ana kiɗan ƙwarya da garwa, ana guɗa, ana amsawa:

Jirgi ya zo, Rayyis sauke,
Mai ƙishirwa ya miƙo moɗa.

Duk wadda ta shiga zagayen tana rataye da sarƙar lemo a wuya. A nan aikin Hajja Hure yake, a nan kuma dokarta take, guda ɗaya tak: a ɗaure, kada a huda. Kowane lemo zare ake gitta masa a kewaye shi, a ƙulle a sama, sannan a wuce na gaba. Aikin na cin lokaci, yana kuma cin yatsu. Amma lemon da aka huda ba ya kwana a zafin Makka, alhali shi wasan rabin aikin ne kawai. Ana gamawa take kwance sarƙoƙin ta binne lemon a jiƙaƙƙen yashi. Idan maza suka dawo daga Mina da tari da dishewar murya da bugun rana, su da baƙin alhazan da ba su da kowa, rumfarta suke nufa. Lemon wasa ba a sayar da shi.

Ke ce randar bakin hanya, Hajja, mai wucewa ba ya tambayar mai ita. Ke kika gane cewa in aka ce wa mutane su kawo lemo don marasa lafiya za su kawo kaɗan, in aka ce don ado da kiɗa ne za su kawo buhu.

Ba kowa ne ke son wasan ba. Malam Lurwanu, babban masu ga-ruwan lungunmu, mutum ne mai tsare gida, ba ya dariya sai da dalili. Ya sha faɗa cewa mace ta sa gemu ba tsari ba ne, ya kuma ce duk ranar da wasan ya shigo masa gida, ƙafarsa ƙafar umda. Umda shi ne mai unguwa, kuma kowa ya san in magana ta kai gabansa daga bakin mutum irin Lurwanu, wasan ya ƙare ke nan.

Shekarar da Hajji ya faɗo a tsakiyar zafi, lorin lemo ya makara a hanyar Jidda, bai iso ba sai da maza suka fita. Shekarar kuma aka zaɓi Ɗaso, matar Lurwanu, ta zama Rayyis, saboda tsayinta da muryarta. Ɗaso ta buɗe akwatin mijinta ta ɗauko kore, rigar shuni mai ƙyalli da mahaifinsa ya baro Kano da ita. Uban ya rasu a hanya, rigar ce ta iso. Lurwanu ba ya sa ta sai da Sallah.

Lokaci ya ƙure, sarƙoƙi ba su kammala ba. Ɗaso ta ja ƙawayenta ɗaki, suka samu basilla, suka yi ta tsire lemo kamar masu shirya duwatsun wuya. Sarƙa mafi girma ita ta rataya a kan rigar. Wasan ya yi kyau, wannan kam na gani da idona. Rayyis yana tsawa, askari yana bin yara, jirgi yana tangaɗi. Lemon kuwa yana ta tsiyaya a ƙirjin riga, rana tana gasawa. Da aka tuɓe, gaban kore ya yi zane-zane fari-fari tun daga wuya har ciki.

Mahaifiyata tana wurin lokacin da Hajja Hure ta ɗaga sarƙar ta shinshina.

"Ke Ɗaso, wa ya huda?"

"Hajja, lokaci ne ya..."

"Lokaci yana da basilla?"

Ɗaso ta fashe da kuka. Nan shawarwari suka ɓarke. Wata ta ce a shafa tawada. Wata ta ce a ninke a mayar ƙasan akwati, kafin wata Sallar Allah ya kawo dabara. Wata ta ce a ce ɓera ne.

"Ɓeran da ke fitsarin lemo?" in ji Hajja Hure. "Kalas, ya isa, ku yi shiru. Ni na ce Rayyis sai da babbar riga, ni kuma ban duba wuyanta ba. Ku ba ni rigar. Hudajjen lemon nan kuma a yanka shi yanzu, a kawo sukari da citta, kada ya lalace muna kallo."

Ta dafa shi ya yi kauri, ta ɗura a kwalabe.

Lurwanu bai dawo da ƙafarsa ba. Abokin aikinsa Hadi ne ya goyo shi, rana ta buge shi, muryarsa ta tafi. Hajja Hure ta riƙa zuwa safe da yamma da kwalbarta, tana dama masa tana ba shi. Ɗaso ta roƙe ta: "Hajja, ki faɗa masa yanzu, tun ba shi da bakin faɗa." Ta ce a'a. Ba a kayar da mutum yana kwance, in ji ta, sai ya iya tafiya gidan umda da ƙafarsa, sannan ya ji, ya zaɓa.

Ranar da ya fito tsakar gida ya yi alwala da kansa, ta shigo da rigar a ninke ta shimfiɗa a gabansa.

"Ɗan nan, ga rigar babanka. Wasanmu ne ya yi mata haka."

Ya daɗe yana kallo. Da ya yi magana, muryar kamar ana jan garwa a ƙasa.

"Inna, wa ya buɗe mini akwati?"

"Wadda ke da mabuɗi. Amma ni na sa."

"Na faɗa, ko ban faɗa ba?"

"Ka faɗa. Gidan umda yana inda ka bar shi. Ga takalmanka."

"Me ya ci ta haka?"

"Lemo. Wanda ka sha ɗazu ne, in kana son ganin mai laifin."

Bai yi dariya ba. Ya ɗauki rigar ya saɓa a hannu, ya sa takalmi ya fita. Labari ya riga shi fita, kowace taga da ido a jikinta, har da tawa. Hanyar gidan umda ta gaban rumfar Hajja Hure ta bi. Ranar kuwa rumfar cike take: masu ga-ruwa a jere suna tari, wasu tsofaffin alhazai da ba mu ma san yarensu ba a zaune a ƙasa, kowa da kofi. Hadi ya hango shi.

"A'a, gawa ta tashi! Lurwanu, ina za ka da riga a hannu kamar dillali? Zo ka ƙara kofi ɗaya, ko ka shanye rabonka da namu?"

Lurwanu ya tsaya. Wani tsoho daga cikin baƙin ya matsa masa wuri a kan tabarma, yana zaton layi ya zo bi. Ban san abin da ya raya a ransa ba, ban kuma ga ya dace in ƙirƙira ba. Abin da na gani shi ne ya daɗe a tsaye yana kallon tsohon nan yana sha da hannu biyu, sannan ya juya ya koma gida.

Ranar Juma'a da rigar ya tafi Masallacin Harami, da zane-zanenta da komai. Da aka tambaye shi abin da ya same ta, sai ya ce, "Jirgi ta hau ba da ni ba." Ya yi kwanaki ba ya yi wa Ɗaso doguwar magana, wannan ma gaskiya ne, kuma rigar ba ta koma yadda take ba. Da shekara ta zagayo, zai fita Mina, sai ya bar ta a rataye a ƙusa maimakon akwati. Ya tsaya a bakin ƙofa ya ce wa matarsa, "Kada wanda ya taɓa mini riga." Ya yi taku biyu ya waiwayo. "In kuma an taɓa, a ɗaure, kada a huda."

Yanzu idon Hajja Hure ya yi rauni, yatsunta sun daina lanƙwasuwa. Bana ba ta je Jidda ba, ba ta ƙulla ko lemo ɗaya ba. Ɗaso ce ta je, ita ta zauna da zare har yatsunta suka yi kanta. Ranar wasa aka ajiye wa Hajja kujera a bakin rumfa. Duk mai sarƙa sai ta durƙusa a gabanta, ta shafa lemon da tafin hannu ta kai hanci. Rayyis ne ya zo ƙarshe, cikin kore mai zane-zane. Ta shafa, ta shinshina, ta sake shafawa. Hannun a bushe yake.

"Wuce," in ji ta. "Yalla, jirgi na jira."

Hajja Hure, mun gode. Ke ce kika mayar wa tsohuwar jirgin Sawakin alherinta ta hannun mutanen da ita ba ta taɓa gani ba. Ke ce kika ƙi sayen wasanki da ƙarya, ranar da ƙaryar take da arha. Allah ya ƙara miki lafiya, ya sa ki sha daga tafkin da ba a ƙishirwa bayansa.

Sauran mu kuma, 'yan matan Tandabawi da na unguwar Rusaifa da ke zuwa kallo, kiɗa da gemun auduga kowa na so, ƙulli ne ba shi da masoya. Hannun Ɗaso biyu ne kawai, lemo kuwa buhu-buhu yake zuwa. Wadda ke son jirgin nan ya sake fita baɗi, ta je ta zauna kusa da ita tun yanzu ta koya. Zare yana nan. Basilla a bar ta a gida.