Alhamis a Shagon Mai Katifa

Ƙanena ya koyi shan aragi, giyar mutanen can, a Sudan, a shekarun da muka yi muna tsinkar auduga don tara guzurin ƙetare teku. Da muka iso Makka, inda kwalba ke jawo wa mutum bulala, sai ya koma wa kolonya, turaren nan na wanzamai, yana sirka shi da ruwa. Ni kuwa ina koyar da yara nahawu a wata 'yar makaranta, na kuma ɗauka ƙanena ma jimla ce da ta karkace, gyara kawai take jira. Na ja masa ayoyi, na kawo hadisai, wata rana har na haɗa da hawaye. Yakan saurara da ladabi, ya ce gaskiya ne, ya sa takalmi ya fita. Ban taɓa samun ɗalibi mai yarda da ni kamarsa ba, ban kuma taɓa samun wanda karatu ya ƙi kamawa kamarsa ba.

Wata shekara, bayan an naɗe tantunan Mina inda yake dako, na lura idonsa ya washe, hannunsa ya daina rawa a bakin kwano. Na gyara zama ina jiran godiya. Matarsa ce ta kwance mini zato. Ta ce duk Alhamis bayan La'asar yana tafiya unguwar Kudai, shagon wani tsoho mai ɗinkin katifa, mutumin Chadi, wanda shi ma ya taɓa nutsewa a kwalba ya fito. Wani abokin dakon ƙanena ne ya ji warin a bakinsa, ya ja shi can. 'Yan tsiraru ne, duk tsofaffin mashaya. Sai su saki labule, su zauna cikin tarin auduga, su sha shayi, kowa ya faɗi yadda ya yi da ransa a makon.

Na yi hamdala, amma a leɓe ta tsaya. Ni na goya yaron nan lokacin da ƙafarsa ta kumbura a hanya, ni na nema masa aure, ga shi yanzu bakinsa ba ya rabuwa da Baba ya ce, wato mai katifa. Abin da Baban ke cewa kuwa bai wuce, in ta motsa maka ka zo ka taya ni bugun auduga ba. Maganar da ko hujja ɗaya babu a cikinta.

Na bi shi wata Alhamis. Tsohon ya tarbe ni da ahalan, ya kira ni Ustaz, ya kawo mini shayi a kan bencin waje. Sannan ya gaya mini ƙa'idarsu cikin sanyin murya: tabarmar ciki ta waɗanda suka sha ce. Wanda bai taɓa ba, ko bai buɗe baki ba, zamansa ma wa'azi ne. Na zauna a benci ina jin dariyar ƙanena ta bayan labule, irin dariyar da rabona da ita tun muna kiwon awaki a gida.

Da mako ya zagayo, na koma na ce ai ni ma na ɗanɗana a Omdurman, can Sudan, ɓoyewa kawai na yi. Suka matsa mini wuri. Da magana ta zo kaina, ba ni da abin ɗauka sai abin da na haddace a waƙoƙin Larabawan da. Na siffanta musu giya ja kamar yaƙutu, tana ƙamshin almiski, tana gangarawa a maƙogwaro kamar alharini. Gaskiya na tsara ta. Da a aji ne, da na yaba wa kaina.

Wani direban hanyar Jidda ya ajiye kofinsa. "Ustaz, wannan a ina ake sayar da ita? Mu dai tamu kamar an narka ƙusa ce."

"In da haka take," in ji na kusa da shi, "ai da har yau ban tuba ba."

Aka yi dariya, ban da tsohon. Shi yana kallon wani sabon zuwa ne, wanda ya haɗiye yawu, ya miƙe, ya ɗaga labule ya fita. Tsohon ya ɗauki sandarsa ya bi bayansa. Ƙanena bai ɗago kai ba.

A hanyar gida ƙanena ya juyo gare ni.

"Yaya, can ne kaɗai wurin da ba ni da wa. In ka sake zuwa, ni ba zan je ba. In kuma ban je ba, ka san shagon wanzami ba nisa."

Ina da amsoshi, kowacce da madogararta. Na haɗiye su. Ban sake taka Kudai ranar Alhamis ba, shi kuma, iya sanina, bai sake sha ba.

Da matarsa ta haifi ɗa namiji, na ɗinka sabuwar riga, don a gidanmu ɗan fari sunan babban wa yake ci. Ranar suna liman ya ɗaga murya, na ji sunan mai katifa. Tsohon yana gefe, da auduga a gemu, yana amsa barka.

Ni aka ba yankan rago. Waɗanda suka riƙe mini shi sun ce ba su taɓa ganin malamin makaranta mai zafin hannu haka ba.