Ranar da Na Musanya Memorin Baba Jibo

Har gobe idan na tuna ranar da Baba Jibo na Kamarawa ya dawo shagonmu da rediyo a hammata, sai gabana ya faɗi, sannan in fashe da dariya. Lokacin ina shekara ta biyu da fara aikin tura waƙa a kasuwar Sabon Birni. Aikin ba wuya: mutum ya kawo memori, ya faɗi abin da yake so, ka zuba masa daga kwamfuta, ka naɗe a takarda mai sunansa. Amma ranar kasuwa sai memorin mutane su taru a gabanka, duk baƙaƙe kamar 'ya'yan kankana.

Maigidana, Alhaji Mamman, ya riga ya ja mini kunne sau biyu, ya ce na uku in kama gabana. To, ran nan na musanya takarda. Baba Jibo, dattijo mai zafin rai da ba ya jin komai sai tsofaffin waƙoƙin kalangu da na noma, ya tafi gida da memorin wani ɗan kabu-kabu, cike da waƙoƙin soyayya na zamani. Sai da na zo rufe shago na gane. Mako guda tuwo bai yi mini daɗi ba.

Da kasuwa ta zagayo, sai ga Baba Jibo, ga Alhaji zaune.

"Wa ya zuba mani wagga waƙa?"

"Ni ne, Baba. A yi haƙuri."

Alhaji ya yi mini wani kallo. Na fara tunanin inda zan nemi aiki.

Baba ya kunna rediyon. Wani matashi ne ke kukan masoyiyarsa ta yi nisa, hanya ta rufe, yana roƙon matafiya su kai mata gaisuwa. Sai Baba ya ce in nemo masa tsohuwar waƙar ɗan ci-rani da ya saba saye. Na kunna. Mai kalangu shi ma nisan yake kuka, shi ma matafiya yake aika.

"Kun ji?" in ji Baba, yana buga sanda a ƙasa. "Zance ɗaya ne. Ganga kawai sunka canza!"

Ashe 'yar Baba tana aure can tsallaken iyaka, an daɗe ba su gan ta ba saboda halin da hanya ke ciki. Matarsa, Inna Hajo, ta kama waƙar nan ta zamani, kullum sai an sa mata. Ta yi kuka, ta share hawaye, ta ce, "Jibo, ba hakanga ka yi mani ba sadda ka tafi ci-rani?"

"Ka jera mani su," ya ce da ni. "Kowace tsohuwa ka aje ta kusa da ɗiyarta."

Alhaji ya yi gyaran murya. "To mi kake jira? Jera mashi."

Daɗi ya kusa kashe ni. Ranar na zauna na haɗa su: yabon uwa da yabon uwa, gorin rago da gorin rago, har na rasa wa ya kwaikwayi wani.

Tun daga nan na daina duban furfurar mutum kafin in zuba masa waƙa. Sai in tambaye shi wa yake kewa.