Gurbin Yidir a Saman Tubkal

A ƙololuwar dutsen Tubkal na tarar da wani dattijo durƙushe cikin ƙanƙara, gemu ya daskare, kyamara a hannunsa. Matarsa da 'ya'yansa mata biyu sun jeru, sun bar gurbi a tsakiya.

"Haba Baba, sanyi zai kashe mu! Ɗauka mana!" in ji ƙaramar, tana matsowa jikin uwar.

"Ke Tilila, koma. Nan wurin ɗan'uwanki Yidir ne," in ji dattijon.

Uwar ta ɗaga hannu ta dafa iska, daidai tsayin kafaɗar saurayi. Ko dutsen nan ne ya riƙe shi? Ban tambaya ba. Dattijon dai yana ta jira, kamar akwai wanda bai gama hawowa ba.