Rabon Mai Igiya

Maigidana saran bishiya yake yi. Shi ba ya son a ce sara, wai aski yake yi musu, amma ni dai na san da injin yanka itace da gatari yake fita. Muna haya a Gyaɗi-Gyaɗi, ni ina koyarwa a wata 'yar firamare ta kuɗi. Daga unguwarmu har Tarauni da Darmanawa, duk wanda darbejiyarsa ta hau kan kwanon maƙwabci, ko bishiyar turarensa ta kusa taɓa wayar wuta, shi ake nema.

Tun ina amarya na san yadda yake yanke kuɗin aiki. Kashi uku yake yi: na mai hawa, wato shi, na inji, wato fetur da gyaran sarƙa, sai na mai igiya. Mai igiyar wani dattijo ne mutumin kudancin Kaduna da ke zaune a bayan layinmu, Baba muke ce masa. Shi a ƙasa yake tsayawa. Kafin a yanke reshe sai an ɗaure shi, Baba ya riƙe, ya sauke shi a hankali inda ba zai fasa rufin mutane ba, ba zai kuma lilo ya dawo ya doki wanda ke sama ba. Wanda bai san aikin ba zai ce tsayuwa kawai yake yi ana biyansa.

Sai abubuwa suka tsuke. Fetur ya tashi, gas ya gagari mutane, gidajen da suka manta da hayaƙi suka koma itace da gawayi. Da can roƙonsa ake ya kwashe rassan ya share wa mutane ƙofar gida. Yanzu kuwa mai bishiyar na tsaye yana bin kowane reshe da ido. Ga kuma samari da adduna suna bi layi-layi, su ce kyauta za su yi, a bar musu itacen kawai. Su kuwa tunda itacen ne ladansu, sai sun yi wa bishiya ƙwal-kwabo suke sauka.

Waya takan shigo, ya faɗi kuɗi, a yi shiru, sannan a ce masa za a kira shi. Ba a kira. Mutumin da ba ya iya zama wuri ɗaya ko da lafiya ƙalau, sai ya koma zarya tsakanin ɗaki da ƙofar gida. Ya ɗauko inji ya goge, ya mayar, ya sake ɗaukowa. Ni ma ya hana ni sakat, don in ina gyaran takardun yara inuwarsa sai gilmawa take ta kaina.

Ya fara ragi daga rabonsa. Da hakan bai isa ba, ya tura inji ƙarƙashin gado ya koma gatari, yana dawowa hannu duk kanta, kafaɗa ba ta ɗaguwa. Na yi mita, na dafa masa ruwan zafi, na haɗiye sauran maganar. Aiki ya ɗan dawo, har na fara cewa Allah ya dube mu.

A kasuwar Tarauni na ji sauran labarin, wajen mai kayan miya. Matar Baba ce ta dafa ni, muka gaisa, ta tambaye ni jikin maigidan. Na ce wane jiki? Ta ce ai ganin an daɗe ba a zo an ƙwanƙwasa wa Baba ƙofa ba, sun zaci ciwo ne ya kwantar da shi, har sun sa shi a addu'a a coci. Na ce da sauƙi, don ban san me zan ce ba. Tumatirin da na zo saye ma ban saya ba.

Da la'asar na tare shi tun bai cire takalmi ba. Bai musa cewa ya daina fita da Baba ba. Ya ce in ya sa rabon Baba a cikin kuɗin, ba a ba shi aikin, in kuma ba a ba shi ba, me zan ɗora a murhu?

"To wa yake riƙe maka igiyar?" na ce.

"Ba a rasa mutum a ƙasa."

Na san irin mutanen da yake nufi: maigadi, mai wankin mota, wanda ya zo wucewa ya tsaya kallo. Na faɗi maganganu a ranar, wasu ma ba su da alaƙa da bishiya. Shi kuwa ya yi alwala ya fice masallaci tun lokaci bai yi ba.

Bayan 'yan kwanaki ya samu aiki a Tarauni, wata doguwar bishiyar turare da ta karkata kan katangar maƙwabta, ga damina ta matso, iskar hadari ta fara. A waya na ji kuɗin da ya amince da shi, na kuma san babu Baba a ciki. Da safe ya fita da gatari da igiya a kafaɗa, na tafi makaranta. Na rubuta darasi a allo na goge, na sake rubuta shi. Na daka wa wata yarinya tsawa ba ta yi komai ba. Kafin a fita tara na roƙi malamar ajin kusa ta duba min yara, na tari adaidaita sahu.

Ba sai na tambayi gidan ba, tun daga bakin layi na hango shi. Ban taɓa ganinsa a sama haka ba, duk zaman da muka yi. Ya ƙanƙance, bishiyar tana rangaji da shi. A ƙasa maigadin gidan ne da igiyar, ya naɗe ta a hannu ɗaya, ɗaya hannun yana kare rana, yana hira da mai shayin tsallake. Ban kira shi ba, don na ji tsoron ya waiwayo.

Na yi sallama cikin gidan. Wata Hajiya ce dattijuwa, tana tsince shinkafa a faranti. Na ce ni ce matar wanda ke kan bishiyarta. Na gaya mata yadda kuɗin aikin yake kashi uku, na gaya mata wanne aka cire har ya sauko inda ta iya biya. Na zo ne da shirin faɗa, sai ta kashe min jiki. Ta ce wallahi ba ta sani ba, ita dai ta yi ciniki kamar yadda kowa ke yi. Ta ce fansho take ci, abin da ta ba da ma sai da ta tara shi, ba ta da ko kwabo da za ta ƙara. Na dubi farantin nan na san ba ƙarya take ba.

Ta yafa mayafi ta fito, ta ɗaga kai ta daɗe tana kallo. Sannan ta ce da maigadin ya ce masa ya sauko.

"Ba za a faɗo min a gida ba," ta ce. "Gara katangar ta faɗi."

Ya sauko a hankali, ya gan ni, ya gane. Ya mayar wa Hajiya kafin alƙalamin da ya karɓa, ya naɗe igiyarsa, ya wuce ni kamar bai san ni ba. A mako na gaba samarin nan masu adda suka kayar da bishiyar baki ɗaya, suka kwashe itacen. Aikin gidan nan shi ke nan ya fita daga hannunsa, kuma ni na jawo. Da za a maimaita ranar, zan sake tarar adaidaitar nan.

Ya yi kwanaki ba ya ce min komai sai abin da ya zama dole. Ranar da ya huce, muna karyawa, ya ce min tun da yake hawa bai taɓa duban ƙasa ba, sai ranar da ya hango mayafina ina shiga gidan. Ya ce daga nan ƙafarsa ta fara rawa, ko Hajiya ba ta yi magana ba da ƙyar zai iya ƙarasawa. Ya ce na ɓata masa ƙafa. Ban ba shi haƙuri ba.

Da kansa ya je ya ƙwanƙwasa wa Baba ƙofa, amma ya makara. Baba ya samu gadi a wani gida a Hotoro, Asabar kawai yake da hutu, Lahadi kuma ta coci ce. Don haka yanzu manyan bishiyoyi sai Asabar, in an samu wanda zai biya. Sauran kwanakin ƙananan aski ne na mangwaro da shingen fure, ko zarya a tsakar gida.

Har yau in wayarsa ta yi ƙara nakan rage wutar murhu in kasa kunne. Ya faɗi kuɗin, da na Baba a ciki. A yi shirun nan. Sai ya juyo ya zuba min ido, wayar tana kunnensa, yana jira ko zan ce ya rage. Nakan san abin da ya saura a buhun shinkafa, na fi shi sani ma. Sai in sunkuyar da kai in ci gaba da juya miya, har in ji an ce masa za a kira shi.